Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu makarantu da malaman kimiyya na unguwanninmu a Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamai, ina gaisuwa, ina yi muku sannu da aiki. Wannan takarda na rubuta ta ne zuwa ga masu makarantun kuɗi da Islamiyyoyin da suka haɗa da boko a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago da sauran wuraren da mutanenmu suke, da kuma malaman da ke koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Ni ba malami ba ne, uba ne kawai mai biyan kuɗin makaranta, kuma aikina a kamfanin fiya wata yake, ɓangaren injin tace ruwa. To shi ya sa duk darussan da yara ke kawowa gida ba wanda nake tsoma baki a ciki da ƙarfin gwiwa kamar wanda ya shafi cakuɗa abubuwa, narkar da su a ruwa, da kuma raba su. Da shi nake ci da iyali, don haka ku yi min uzuri in na yi tsawo.

Ƙorafina guda ɗaya ne. Wannan darasi na hannu ne, amma an mayar da shi na hadda. Yaro zai kwafi not shafi guda, ya haddace ma'anar tacewa da ta ƙafar da ruwa da ta tara tururi, ya zana mazurari da kwalba da layi mai kyau, a ba shi maki, alhali bai taɓa zuba ko da ruwan laka a ƙyalle ya ga abin da zai fito ba. Ɗiyata ta karanto min duka ba gargada, na ce madalla, to yanzu ga ruwan gishiri a kofi, in na tace shi da ƙyallen tatar koko gishirin zai fita? Ta ce eh mana Baba, ai shi ne amfanin tata. Na ce je ki ɗauko. Ta tace, ta ɗanɗana, ta yamutse fuska, ta ninka ƙyallen ta sake tacewa, gishiri na nan daram. Wannan tambayar ita ce zuciyar darasin gaba ɗaya, kuma yarinya mai ƙoƙari a aji ta faɗi a kanta, ba don ba ta da kai ba.

Na san amsar da za ku ba ni, domin na sha jin ta a taron iyaye: ba mu da ɗakin gwaji, makarantar ma gidan haya ce, aji a cike, firiyod minti 40, albashi ba ya kai wata. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba, wanda ya san kuɗin haya a garin nan ba zai ce wa mai makaranta ya ware ɗaki guda don kwalabe ba. Amma dan Allah mu faɗa wa juna gaskiya, a duk littafin kimiyyar nan wannan ne babin da ya fi kowanne rashin buƙatar ɗakin gwaji. Kayan aikinsa suna kicin ɗin kowace uwa. Tankaɗe da rariya raba abu ne ta girman ƙwaya. Shiƙa da faifai raba abu ne ta nauyi, iska ta kwashe ƙaiƙayi hatsi ya faɗo. Regen shinkafa a ƙwarya, tsakuwa ta kwanta a ƙasa saboda ta fi shinkafa nauyi. Mai koko ta tace ƙullu, ta bar gasara ta kwanta, ta tsiyaye ruwan sama, hanyoyi uku kenan a aiki ɗaya kafin rana ta fito. Mai ƙuli-ƙuli ta matse mai daga tunkuza. Ɗan bola jari da mayen ƙarfensa a aljihu yana ware ƙarfe daga alminiyon da jan ƙarfe, don mayen ba ya kama waɗannan biyun, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Yaranmu sun tashi suna ganin waɗannan kullum, sai su shiga aji a nuna musu kamar wani abu ne da ake yi a Ingila kawai.

Bari in ba ku gwaji ɗaya da in ma shi kaɗai aka yi a zangon karatu ya wadatar da ni. A samo gishiri, yashi mai tsabta, da garin ƙarfe (kowane mai walda ko mai wasa wuƙa zai tara muku kyauta), a cakuɗa su a roba, a raba yara rukuni rukuni, a ajiye musu ruwa, ƙyalle, kofi, faranti, da mayen ƙarfe na tsohuwar sifika. Sai malam ya ce ina son gishirina daban, yashina daban, ƙarfena daban, sannan ya yi shiru. Shirun nan shi ne mai wuya, na sani, bakin malami ba ya son zama. Amma a bar su su yi gardama. Wasu za su fara zuba ruwa, sai su tarar ƙarfen ya jiƙe ya manne da yashi, cire shi ya zama aiki, su gane da kansu cewa mayen ƙarfe ya kamata ya fara shiga tun abin yana bushe. Wasu za su manna mayen kai tsaye garin ya like masa ya ƙi fita, sai wani mai wayo ya ce a sa shi a leda tukuna, in an zare ledar garin ya zube. Daga nan a zuba ruwa gishiri ya narke, a tace yashi ya tsaya a ƙyalle, ruwan da ya wuce a zuba a faffaɗan faranti a kai rana, ko malam da kansa ya ɗora a risho. In ruwan ya ƙafe ga gishiri fari ya dawo. Ku kalli fuskar yaro ranar da ya ga gishirin da ya rantse ya ɓace ya bayyana a gindin faranti.

Kuma maganar ɓacewar nan a tsaya a kanta, kar a wuce da sauri. Yara da yawa, har da manya ma wlh, a ransu abin da ya narke ya tafi kenan. A ari sikelin dijital ɗin nan ƙarami, a auna ruwa giram 100, a auna gishiri giram 10, a tambayi aji nawa za a samu in an haɗa, kowa ya rubuta amsarsa kafin a ɗora. Za ku sha mamakin yawan masu cewa 100. Sikeli zai nuna 110, ba sai malam ya yi dogon bayani ba. Gishirin ya warwatsu ne ya zama ƙwayoyin da ido ba ya gani, ƙananan da ramin ƙyalle ko na takarda ba zai iya tare su ba, shi ya sa tata ba ta kama shi. Laka kuwa ba narkewa take ba, yawo take a cikin ruwa, in an bar ta za ta kwanta, in an tace za ta tsaya. Bambancin kenan, kuma duk sauran babin a kansa aka gina.

Sai iyakar narkewa. Ruwa yana da iyakar abin da zai karɓa, yana ƙoshi. Ruwa mililita 100 a zafin ɗaki gishirin da zai iya ɗauka wajen giram 36 ne, daga nan ko ka kwana kana juyawa sauran zai zauna a ƙasa. Suga kuwa ruwan nan dai zai shanye wajen giram 200, in ka tafasa shi ya ɗauki fiye da ninki biyu na haka, amma gishiri ko an tafasa ɗan abin da zai ƙaru kaɗan ne, bai wuce ya kai wajen 39 ba. Ga abin da za a sa yara su gano da cokali da kofi biyu. Juyawa da daka abu ya yi laushi suna sa ya narke da wuri ne kawai, ba sa ƙara yawan da ruwan zai ɗauka, wannan ma ana yawan rikita su a jarrabawa. Kuma a nan ne ya kamata a shigo da ruwan gishiri da suga na mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da ya fahimci cewa yawan abin da aka narkar yana da ma'auni, ba zai bari a antaya wa ƙaninsa gishiri da ka ba, don gishirin in ya yi yawa illa yake yi wa jariri maimakon magani.

Yanzu ga inda abin ya fi ci min rai, maganar ruwan sha. Akwai gwajin da wasu malamai ke yi, Allah ya saka musu, na yanka gorar ruwa a kife, a jera auduga, gawayi, yashi da tsakuwa, a zuba ruwan kwata ta sama ya fito garau ta ƙasa. Gwaji ne mai kyau, yara na son shi. Matsalar ita ce inda ake tsayawa. Ana tsayawa ne a daidai lokacin da aji ya yi tafi, sai yaro ya tafi gida da cewa ruwan da ya yi haske ya zama na sha. Wannan ya fi rashin yin gwajin haɗari. Ƙwayar cutar kwalara tsawonta bai wuce kashi 2 ko 3 cikin dubu na milimita ba, ta tsakanin yashin gorar nan wucewa za ta yi abinta, haka duk wani abu da ya narke. Ba mu manta watan Yunin 2024 ba, lokacin da kwalara ta ɓarke a jihar nan aka yi asarar rayuka, kuma mu da ke sayen ruwa a jarka wajen mai ruwa, da rijiyoyin da ke maƙwabtaka da masai, mu ne a gaba gaba wajen haɗari. Don haka roƙona, duk malamin da ya yi gwajin gora ya ƙara mataki ɗaya: ya samu gora ta biyu mai kaya masu tsabta, ya zuba ruwan gishiri, ya nuna cewa ya fito da gishirinsa. Sannan ya faɗa da babbar murya cewa bayan tata sai an tafasa ko an sa sinadarin kulorin daidai ƙa'ida. Kuma kar a bar kowa ya kai ruwan kwatan nan baki, komai haskensa, yaran JSS 1 in ka juya baya sai wani ya gwada.

A wajen aikinmu abin da muke yi kenan daga safe har dare, mataki mataki. Ruwan burtsatse ya fara bi ta tankin yashi, ya bi ta na gawayi wanda ke ɗauke wari da ɗanɗano, ya bi ta ƙananan filtoci, sannan famfo ya matsa shi da ƙarfi ta cikin wata fata mai ramukan da suka yi ƙanƙantar da ruwa zai wuce amma mafi yawan gishirin da ya narke ya tsaya, a ƙarshe ya bi ta fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta. Kowane mataki da abin da yake cirewa, ba wanda zai yi aikin ɗan uwansa. Akwai kuma wani abu da duk wanda ya zauna a wasu sassan Legas ya gani, ka ɗebo ruwan burtsatse fari tas, ka ajiye a bokiti, in an jima ya koma ja-ja ya ɓata farin kaya. Ba aljanu ba ne, ba kuma mai ruwa ne ya cuce ka ba, ƙarfe ne narkakke a cikin ruwan tun daga ƙasa, da ya haɗu da iska sai ya zama tsatsa wadda ba ta narkewa, daga nan ne ma za a iya tace shi. Yaron da zai iya yi wa mahaifiyarsa wannan bayanin a tsakar gida ya ci kuɗin makarantarsa.

Ga kuma alif da iyayenmu mata ke kaɗawa a ruwan da ya yi dagwalo, lakar ta dunƙule ta kwanta, wasu da garin ƙwayar zogale suke yi. Manyan matatun ruwa ma da alif ɗin suke farawa, a bari ya kwanta, a tace da yashi, a sa kulorin. Matatar ruwa ta Iju tun 1915 take, ga ta nan kusa da mu mutanen Agege, ga ta Adiyan can gaba. In za a iya karɓar kuɗin fati da na rigar wasanni daga hannunmu, ban ga abin da zai hana a rubuta takardar neman izini a kai yara su ga tankunan nan da idonsu ba.

Tara tururi shi ne kowa ke cewa sai da kayan gilashi, to ba haka ba ne. Tukunya, a zuba zoɓo ko ruwan gishiri, a ajiye ƙaramin kwano a tsakiya a kan wani abu da zai ɗaga shi, a kifa murfin a juye, a ɗora ƙanƙara a kai. Tururi ya tashi ya taɓa murfi mai sanyi ya koma ruwa, ya gangaro ta tsakiyar murfin ya ɗiga a kwano. Ja aka zuba, fari ya fito, gishiri da kala sun zauna a tukunya. Daga nan malam yana da hanyar zuwa wurare biyu. Na farko teku, wanda kowace lita tasa akwai gishiri wajen giram 35, shi ya sa garin da ruwa ya kewaye yake sayen ruwan sha, kuma shi ya sa cire gishirin nan ke cin wuta da kuɗi. Na biyu matatar man Dangote da ke Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2023, aka gina ta don tace ganga 650,000 a rana. Matakin farko na aikinta wannan dabarar ce: a zafafa ɗanyen mai, gas da fetur masu saurin tafasa su hau sama, kananzir da dizal a tsakiya, mai nauyi ya zauna ƙasa, a ɗebe kowanne a hawansa. Yaranmu suna jin sunan matatar nan kullum a bakin manya, wasu yayyensu ma dako suke a hanyar, me zai hana su san abin da ke faruwa a cikin dogon bututun?

Raba kalar tawada da takarda kuwa aikin minti goma ne, ɗigon tawadar baƙin alƙalamin maka mai wankuwa a kan yankin tishu mai kauri, a tsoma gefen a ruwa, kaloli su rabu suna hawa. A yi shi ranar da aka gaji. Raba manja da ruwa ma haka, a gora mai ƙaramin rami a murfi, a kife ta ruwa ya tsiyaye manja ya rage.

Abin da ba na so a tsallake shi ne gargaɗi, don sanin haɗa abu da raba shi yana da gefen da ke kisa. Kar a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, iskar kulorin ke tashi, a banɗaki mai ƙaramar taga tana iya kayar da mutum, kuma yaranmu mata su ne ake sa wa wankin banɗaki. Kananzir da aka gauraya da fetur ido ba ya bambancewa, sai an kunna risho wuta ta tashi. Ku tuna farkon 2022 da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, layin mai ya cika garin nan, shi ma a ido fetur ne sak. Can gida kuma a 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara saboda dalmar da ke cikin duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje don fitar da zinare. Masu aikin sun iya raba zinare da ƙasa sarai, abin da ya rage a ƙurar ne ba wanda ya gaya musu. Duk gwajin da ke buƙatar wuta malam ne zai riƙe, fetur da kananzir kuma kar su shigo aji sam, a yi bayaninsu da baki.

Masu makarantu, naku ɓangaren ba shi da yawa. Bokiti ɗaya mai murfi a ofis, a zuba robobi, cokula, ƙyalle, mazurari, mayen ƙarfe da ƙaramin sikeli, kuɗinsu duka bai kai na fentin geti ba. A haɗa wa malamin kimiyya firiyod biyu a jere ko sau ɗaya a mako, don minti 40 kafin a ɗebo ruwa a raba kaya an buga ƙararrawa. Kar a yi masa faɗa don aji ya jiƙe ko an ji hayaniya. Kuma in yaro bai gane da Turanci ba a yi masa bayani da Hausa ko Yarbanci ya gane tukuna, sannan a ba shi sunan da zai rubuta a jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, sunan ba zai gudu ba. Wannan babin zai sake tarar su a kemistirin SS 1, wanda ya taɓa yi da hannunsa a ƙasa ba zai sha wuya a can ba. Malamai kuma akwai ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, tun 1957 take kuma tana shirya bita, mai makaranta ya daure ya biya wa malaminsa ko sau ɗaya.

A makin zango ma a ware wani abu na aikin hannu. In dai hadda kaɗai ke kawo maki, hadda yara za su yi, su ma ba wawaye ba ne. A ba yaro cakuɗen gero, gishiri da ƙananan ƙusoshi a ce ya rubuta matakan da zai bi da dalilin kowanne, ko a tambaye shi me ya sa rigar da aka yi gumi a ciki take fitar da farin zane in ta bushe.

Mu iyaye ma ba mu kuɓuta ba, mun iya zuwa rigima in an ƙara kuɗi amma ba ma tambayar me aka koya. Akwai masu koko a cikinmu, akwai masu walda, masu gyaran burtsatse, ma'aikatan asibiti, a kira mu mana. Ni dai ina da ɗan abin auna yawan abin da ya narke a ruwa, girmansa kamar biro, ana tsoma shi ya nuna lamba. Ranar Asabar ba na shiga aiki da wuri, duk makarantar da ke so a Agege da kewaye ta sanar ta hannun shugaban iyayen yara, zan zo da shi da tsohuwar filta guda da muka cire a yanka ta, yara su ga cikinta. Kowane yaro ya zo da ruwan gidansu a gora, a rubuta unguwa a jiki, mu auna da na ruwan sama da na leda mu jera lambobin a allo. Gishiri da yashin ma ni zan kawo.

Allah ya ƙara muku haƙuri da yaranmu, ya sa albarka a aikinku.

Wassalam,
naku, wani uba daga Agege.